Jan Kalifa a Kan Tsohuwar Taya

A cikin gyare-gyaren da masu motoci ke zuba wa kuɗi da sunan kariya, babu wanda ya kai sauya birki kwarjini, babu kuma wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta kamarsa. Salon ya taso ne daga masu sha'awar motoci na Amurka da Turai da Japan: a ciro faifan birki da kalifa, wato matsen ƙarfen da ke damƙe faifan, daga mota mai tsada ko mai nauyi, a ɗaura wa wadda ba ta kai ta ba. Kalifar Porsche Cayenne mai fistin shida takan koma kan Volkswagen Golf, ta Brembo da ke zuwa da Subaru STI takan koma kan WRX, ta Toyota Tundra kuma kan 4Runner. Bidiyoyin YouTube da Instagram sun yayata salon, kasuwannin kayan Beljiyam irin su Ladipo a Legas, Apo a Abuja, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano kuwa sun sa kayan aikinsa a hannun duk mai kuɗin saye.

Hujjar mai sauƙin haɗiya ce: babban birki ya fi ƙarami kamu, don haka motar za ta fi saurin tsayawa, iyalin da ke cikinta su fi samun aminci. Likita ko lauya ko ma'aikacin banki, wanda a fagensa ba zai taɓa yarda da aikin da aka yi da ka ba, sai ga shi ya miƙa makullin motarsa a kan wannan jimla ɗaya. Alhali jimlar ba daidai ba ce. A takun birki na gaggawa guda ɗaya, irin wanda ke raba mutum da haɗari, babban birki ba ya rage tazarar tsayawar lafiyayyar mota, in kuma aka haɗa shi ba bisa lissafi ba yana iya tsawaita ta. Akwai matsalar da babban birki ke magancewa da gaske, amma ba ita ke damun yawancin masu sayensa ba.

Aikin birki da aikin taya

Iyakar aikin birki shi ne rage juyawar ƙafar mota. Abin da ke riƙe motar a kan kwalta taya ce, kuma kowace taya tana taɓa ƙasa ne da fili kwatankwacin tafin hannu. Duk ƙarfin tsayawa ta waɗannan wurare huɗu yake bi. Da zarar matsin birki ya zarce abin da robar za ta iya riƙewa, sai ƙafa ta ƙulle, taya ta kama sulɓi, sitiyari ya daina jin magana. Don maganin wannan aka ƙirƙiro na'urar ABS, wadda Bosch da Mercedes-Benz suka fitar kasuwa a 1978. Tana sassauta birki ta sake kamawa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda domin kada ƙafa ta ƙulle.

Daga nan gwaji mai sauƙi ya fito. Duk motar da direbanta zai iya taka birki da ƙarfi a busasshen titi har ya ji feda na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, alamar ABS ta shiga aiki, to birkinta ya riga ya fi ƙarfin tayarta. Ƙara wa wannan birki ƙarfi kamar ƙara wa guga girma ne alhali igiyar ce ke tsinkewa. Kusan kowace motar zamani da birkinta ke da lafiya tana cin wannan gwaji, domin doka ta tilasta wa masu ƙera ta. Ƙa'idar Amurka mai lamba FMVSS 135, alal misali, ta sharɗanta cewa ƙaramar mota mai gudun kilomita 100 a awa ta tsaya cikin mita 70, ba tare da direba ya danna feda da ƙarfin da ya wuce na kimanin kilo 50 ba. Motocin yau masu tayoyin kirki suna tsayawa tun da sauran fili mai yawa kafin wannan iyaka.

Lissafin da kansa ba shi da wuya. Idan birki ya isa ya kai taya iyakarta, tazarar tsayawa ta dogara ne da abu biyu: gudun motar da ma'aunin riƙon taya a kan titi. Mota mai gudun kilomita 100 a awa, in ma'aunin riƙonta ya kai 1.0, kamar taya mai inganci a busasshiyar kwalta, za ta tsaya cikin mita 39. In ya sauko 0.8, sai mita 49. In ya faɗi zuwa 0.5, abin da jiƙaƙƙen titi da suɗaɗɗiyar taya kan haifar, sai mita 79. Tsakanin lissafin farko da na ƙarshe akwai tsawon motoci takwas a jere, kuma girman faifai ko yawan fistin bai shigo ko'ina a ciki ba. Gudu kuwa ninka kansa yake yi: wanda ya tashi daga 100 zuwa 120 ya ƙara wa tazararsa kashi 44 cikin 100, mita 49 ta koma 71. Wannan duk bayan ƙafa ta isa feda ne. A daƙiƙa ɗayan da direba kan ɓata kafin ya gane haɗari ya taka, mota mai gudun 100 ta riga ta shafe mita 28.

Birki gida ɗaya ne

Birkin mota na aiki da ƙa'idar da Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka ɗora wa ruwa a rufaffen wuri yana isa kowane sashe daidai wa daida. Ƙafar direba na tura fistin na masta, masta na tura man birki cikin bututu, man kuma ya tura fistin na kalifa, wanda ke matse takalman birki, waɗanda kanikawa ke kira fad, a jikin faifai. Ƙarfin matsewar ya dogara da matsin man da kuma faɗin fuskar fistin. Girman masta, tsawon feda, faɗin fistin na gaba da na baya, da girman faya-fayan, duk tare aka zaɓe su, kowanne da la'akari da ɗan'uwansa da kuma nauyin motar.

A ɗauki mota mai kalifa da fistin ɗaya na milimita 57, a sauya mata da wadda fistin nata ya kai milimita 64. A ido bambancin kaɗan ne, amma faɗin fuskar ya ƙaru da kashi 26 cikin 100. Ma'ana kowace kalifa za ta bukaci ƙarin mai gwargwadon haka kafin takalmi ya kama faifai, alhali masta tana nan yadda take. Sakamakon shi ne feda mai nisa, mai laushi, wadda sai an nutsa ta kafin a ji kamu. Cayenne mota ce da ta haura tan biyu, kuma mastar da aka ƙera mata an ƙera ta ne don cika waɗancan manyan kalifofi. Wanda ya ɗauki kalifar ya bar mastar ya raba abin da aka auna tare.

Akwai kuma kuskuren da ke ta ɗaya gefen. Kalifa ta yau da kullum mai fistin ɗaya tana matse faifai ta ɓangarori biyu, domin jikinta na zamewa ya jawo takalmin da ke waje. Saboda haka idan za a gwada ta da kafaffiyar kalifa mai fistin huɗu, biyu a kowane gefe, gefe ɗaya kawai ake ƙirgawa. Fistin biyu na milimita 40 suna ba da faɗin da ya kai santimita murabba'i 25.1, fistin ɗaya na milimita 57 kuwa 25.5. Wato jar kalifar nan mai fistin huɗu da aka biya maƙudan kuɗi a kanta tana matsewa da ƙarfi ɗaya da baƙar da aka cire, har da ɗan ragi. Tana da nata amfani: jikinta bai cika buɗewa a ƙarƙashin matsi ba, takalminta ya fi faɗi, yana kuma cinyewa daidai. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya ƙara wa taya riƙo.

Babbar illar tana wajen rabon aiki tsakanin gaba da baya. Idan aka taka birki nauyin mota yana zubowa gaba, shi ya sa ƙafafun gaba ke ɗaukar kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na aikin, gwargwadon ƙirar motar. Injiniyoyi kan tsara birki ta yadda gaba zai kai iyakarsa jim kaɗan kafin baya, domin in baya ya riga ƙullewa motar juyawa take yi. Mota ta fi saurin tsayawa ne lokacin da tayoyin huɗu suka kusanci iyakarsu a tare. To, a haɗa fistin ɗin nan mai ƙarin kashi 26 da faifan da ya tashi daga milimita 280 zuwa 320, wanda ke ƙara wa birki kusan kashi 17 saboda takalmi ya yi nisa da tsakiyar ƙafa. Ƙarfin birkin gaba ya ƙaru da kusan rabi ke nan. Tayoyin gaba za su kai iyakarsu tun matsin mai yana ƙasa, a lokacin da tayoyin baya ba su karɓi rabonsu ba. An bar riƙon tayoyi biyu a banza.

A nan ne ruɗin ke samun gindin zama. Direba ya fito daga gareji, birki ya kama, hancin mota ya dunƙula ƙasa, shi kuma ya ce lallai kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Abin da ya ji shi ne sauyin yadda ƙarfi ke zuwa, kuma jiki ba ya iya bambanta wannan da gajertar tazara. Tef ɗin awo ne kaɗai ke iyawa, shi kuwa ba kasafai ake fito da shi ba. Kwamfutar ABS da ta daidaita tafiyar mota su ma an horar da su ne a kan birkin asali: sun san in aka sassauta matsi kaza, ƙafa za ta saki gwargwadon kaza. Motocin da ke raba ƙarfin birki da lantarki suna iya cike wani ɓangare na giɓin, amma cikin iyakar da aka tsara musu. Wanda kuma ya juya aikin, ya ƙara wa baya ƙarfi fiye da kima, misali ya cire ganga ya sa faifai da babbar kalifa ba tare da lissafi ba, ya fi kowa shiga haɗari, musamman a kwana ko a ruwan sama.

Faifai mai ramuka

Tarihin birkin faifai tarihin yaƙi da zafi ne. Frederick Lanchester ya yi masa rajista a Ingila a 1902, amma bai yi suna ba sai da Jaguar C-Type ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da shi a 1953, sannan Citroën DS ta kawo shi motocin jama'a a 1955. Fifikonsa a kan ganga shi ne faifai a buɗe yake, iska na bugunsa, yana hucewa da wuri. Ramukan da ake hudawa a jikinsa sun zo ne don matsalar takalman da, waɗanda in suka yi zafi sukan fitar da iska mai shiga tsakaninsu da faifai. Takalman yau ba sa fitar da ita sosai, amma ramukan sun tsaya domin suna da kyau a bayan rim.

Kowane rami ragi ne a nauyin ƙarfen da ya kamata ya shanye zafi, kuma bakinsa wuri ne da tsaga kan fara, domin ƙarfen faifai yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi. Wannan ya sa masu tsere da faifan ƙarfe suka fi karkata ga mai zane-zanen tsagi a fuska ko wanda ba shi da komai. Gaskiya ne wasu motocin Porsche da Mercedes-AMG suna fitowa daga masana'anta da faifai mai ramuka, amma an lissafa kaurinsa da nauyinsa da ramukan tun farko. Wannan daban yake da faifan talakawa da wani ya ɗora a injin huda don ya ƙara masa kuɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Haka batun takalman tsere. An haɗa su ne don su yi aiki a zafi na ɗaruruwan digiri, don haka da sanyin safiya, a takun farko a bakin makarantar yara, kamunsu na iya gaza na takalmi na yau da kullum, ga ƙara, ga cin faifai. Sannan ga jabu. Kamfanin Brembo na Italiya, wanda aka kafa a 1961, ya sha yin gargaɗi a kan kayan bogi masu ɗauke da sunansa, har da murafun roba ko gwangwani da ake maƙala wa kalifar asali don ta yi kama da tasa. Murfin ba ya ƙara komai, yana ma iya tare wa kalifa iska.

"Ya shiga, yallaɓai"

Wannan ita ce jimlar da ke rufe ciniki a gareji, kuma shiga ba dacewa ba ce. Toyota Camry da Honda Accord duk suna da ramukan noti biyar a da'ira mai faɗin milimita 114.3, amma ramin tsakiya na Toyota milimita 60.1 ne, na Honda 64.1. Faifan Honda zai zauna a kan ƙafar Toyota, notuna su ɗauru, amma babu abin da ke riƙe shi a tsakiya. Ga ƙarfen da ake auna karkacewarsa da 'yan kashi cikin ɗari na milimita ɗaya, giɓin milimita huɗu rami ne. Abin da ke biyo baya shi ne karkarwar sitiyari da cinyewar takalmi a karkace, sai a ce faifai ya lanƙwashe, a kai shi a goge, matsalar ta dawo bayan wata biyu.

Idan kuma kunnuwan kalifa ba su zo daidai da mazauninsu ba, sai a nemi mai walda ya yanko farantin ƙarfe ya haɗa tsakani. Wannan faranti ne zai ɗauki duk ƙarfin birkin ƙafar, yana zafi yana hucewa, sau dubbai. Masu ƙera irinsa da gaske suna lissafa nau'in ƙarfe da kaurinsa, suna kuma ɗaure shi da kusoshi masu daraja 10.9 ko sama. Farantin da aka yanko daga ragowar ƙarfen ƙofa ba ya yin gargaɗi kafin ya karye. Ƙananan abubuwa ma suna da nasu sharrin. Ƙusar fitar da iska dole ta kasance a saman kalifa, in aka musanya ta hagu da ta dama ta koma ƙasa, iska ba za ta taɓa fita duka ba, feda kuma ba za ta yi tauri ba. Tiyon da ya yi gajere yakan miƙe in an karya sitiyari har ƙarshe. Babbar kalifa takan bukaci babban rim ko zoben da ke turo ƙafa waje, wanda ke ƙara wa boris wahala. Ƙarin nauyin da ke rataye a ƙafa yana sa taya ta riƙa tsalle a titi mai gargada, kuma tayar da ke sama ba ta tsayar da komai. Daga ƙarshe akwai safaya: sau da yawa sai ranar da taya ta fashe tsakanin Zariya da Funtuwa ake gano cewa rim ɗin safaya ba ya hawa kan sabuwar kalifa.

Inda masu sauyin ke da gaskiya

Birki na'ura ce mai mai da motsi zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da kuzarin da ya kai kilojul 580, wanda ya isa ya kai kusan lita biyu na ruwa ga tafasa, kuma birki na shanye shi cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu. In faya-fayan gaba biyu suna da kilo 7 kowanne, suka karɓi kashi 70 na wannan kuzari, zafinsu zai tashi da kimanin digiri 60. In kilo 10 ne kowanne, da kimanin 44. A taku ɗaya bambancin ba shi da tasiri. A taku goma a jere, ko a doguwar gangara, shi ne komai. Motar nan in ta sauko daga tudu mai tsayin mita 500 tana sakin kuzarin da ya yi daidai da cikakken tsayawa daga gudun 100 kusan sau 13. Iska da inji na ɗauke wani kaso, amma direban da ya bar giya a sama ya kwantar da ƙafa a feda ya ɗora wa birki mafi yawansa. Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko gangaren Mambila, ya san warin takalmin da ya ƙone.

Zafi na kashe birki ta hanya biyu. Takalmi in ya wuce iyakarsa yakan rasa kamu, feda na da tauri amma mota ba ta tsayawa. Man birki kuma in ya tafasa yakan zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa fanko. Ga motar da ke jan tirela, ko mai sulke da aka ƙara wa nauyi, ko wadda ke shiga filin tsere, ko mai hawa da saukar duwatsu kullum da kaya, faifai mai kauri magani ne na gaskiya.

Misalin Tundra da 4Runner ya nuna yadda sauyi mai hankali yake. Masu 4Runner ƙirar 1996 zuwa 2002 a Amurka sun daɗe suna kukan karkarwar birkin gaba, musamman masu ƙara wa motar nauyi da manyan tayoyi. Faifan Tundra ta farko ya fi nasu kauri, kamfani ɗaya ne ya ƙera motocin biyu, kalifar kuma tana ɗauruwa a mazaunin asali ba tare da farantin walda ba. An san cutar, an san abin da sabon kayan ke ƙarawa, abin da ake nema kuma juriyar zafi ce. Ko a nan babu wanda ya san abin da yake yi da zai yi alkawarin cewa motar za ta fi saurin tsayawa a kan tayoyinta na da. Mai Corolla da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis, wanda bai taɓa jin birkinsa ya gaji ba, ba shi da wannan cutar.

Wa ya auna, wa zai amsa

A Jamus, wanda ya sauya birkin motarsa da kayan da ba a amince da su ga wannan motar ba yana rasa izinin hawa titi, sai ya kai ta wurin masu bincike irin su TÜV sun duba sun shigar da sauyin a takardu. A Turai, ƙa'idar ECE R90 ta bukaci takalmin birkin da ake sayarwa a madadin na asali ya yi aiki cikin kashi 15 cikin 100 na yadda na asalin ke yi. Bidiyoyin da ake kwaikwayo sau da yawa daga irin waɗannan ƙasashe suke fitowa, amma kyamara kalifar take nunawa, ba ta nuna takardar injiniya da ke bayanta.

A Nijeriya takardar cancantar hawa titi, ko da an bi ta da gaskiya, tana shaida ne cewa birki ya kama a ranar gwaji. Ba ta shaida yadda motar za ta yi in aka taka shi da ƙarfi a kwana, da fasinja biyar, a kan jiƙaƙƙen titi. Mai sayar da kalifa bai san motar da za a ɗora wa ba. Bakanike ya iya hannu, amma ba a ba shi lissafin masta ba, ba shi kuma da filin gwaji. Alhakin ya tattaru ne a kan mai motar, wanda shi ya zo da hoton a wayarsa ya ce irin wannan yake so. Kuskuren da ya yi da fenti ko rediyo nasa ne shi kaɗai. Kuskuren birki yana shafar ɗan acaɓa da ke gabansa da yarinya mai tallan da ke tsallaka titi, waɗanda ba a nemi shawararsu ba.

Inda kuɗin ya kamata su tafi

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana sanya gudun wuce ƙa'ida a sahun gaba na musabbabin haɗurra, tana kuma lissafa fashewar taya da shanyewar birki a cikinsu. Birkin da ya shanye a hanya galibi birki ne da aka yi sakaci da shi ko aka ɗora wa lodi fiye da kima, kuma babbar kalifa ba ta warkar da sakaci.

Taya ce farko. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba na bushewa da shekaru ko da zanenta na nan, zafin rana kuma na gaggauta bushewar. Milimita 1.6 shi ne ƙarancin zurfin zane da dokar Turai ta yarda da shi, amma riƙo a ruwa yana raguwa tun kafin a kai nan. Mutumin da ya ɗora kalifar Cayenne a bayan tayar Beljiyam mai shekara tara ya yi gyaran gangar auzinawa.

Na biyu man birki ne, wanda ke shan danshi daga iska a hankali. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100 iyakar na sauka zuwa 140. Na DOT 4 tana sauka daga 230 zuwa 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da dama suka ce a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu, ba a yi ta ƙari a kan tsoho ba. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kuma kada a ruɗa shi da DOT 5.1. Kuɗin wannan aiki bai kai na fentin kalifa ba, kuma a gangara ya fi ta amfani.

Sai takalmi na kamfanin da aka sani, da faifan da bai siɗe ƙasa da kaurin da aka buga a jikinsa ba, da sandunan da kalifa ke zamewa a kansu a wanke a shafa musu man da ya dace, da tiyon da bai kumbura ba, da shokozoba mai rai da za ta riƙe taya a ƙasa, da notunan ƙafa da aka ɗaure da sifana mai awo. Fitilar ABS in ta kama a gyara abin da ya kunna ta, kada a cire ƙwan. A gangara kuma a sauke giya, inji ya riƙe motar.

Wanda ya yi wannan duka, birkinsa kuma ya ci gaba da gajiya saboda aikin da yake ɗora wa motar, to ya cancanci babban birki. Shi ma sai ya nemi saiti da aka ƙera aka gwada don motarsa, ya tambayi faɗin fistin na tsoho da na sabo, ya tambayi me zai faru da baya da masta, sannan ya auna tazarar tsayawa a fili marar jama'a kafin aiki da bayansa, a gudu ɗaya, a kan tayoyi ɗaya. Mai sayarwa da ba zai iya amsa tambayoyin nan ba, ko ya ce ai kowa haka yake sawa, ya riga ya faɗa wa mai saye duk abin da yake bukatar sani.